BABI NA TARA: RAJISTAR MAKI TA INTANET A HANNUN MALAMI

9.0 Gabatarwa

Aikin malami ba ya ƙarewa da goge allo. Bayan koyarwa akwai gwaji, bayan gwaji akwai duba takardu, bayan duba takardu kuma akwai adana sakamako. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda ɗalibai masu koyon aikin malanta suka fi rainawa, alhali kuwa shi ne ya fi daɗewa yana bin yaro. Darasin da aka koyar ranar Talata yana iya gushewa daga ƙwaƙwalwa kafin Juma'a, amma makin da aka rubuta a gaban sunan yaro yana nan daram har ranar da za a zauna a yanke hukuncin ko ya wuce aji na gaba ko ya maimaita. A gidaje da yawa kuma, musamman ga 'ya mace, maimaita aji shi ne dalilin da ake jira a ce karatun ya isa haka nan.

Wannan babi zai yi bayani a kan rajistar maki ta intanet: mece ce ita, yadda ake tsara ta, wuraren da take yaudarar mai aiki da ita, da kuma haƙƙin da ke wuyan malamin da ke riƙe da ita. An ɗauki Kusa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a yankin iyakar Najeriya da Nijar, a matsayin fagen misali. Dalili kuwa shi ne, matsalolin da malami zai gamu da su ɗai-ɗai a wasu wurare, a irin wannan yanki a haɗe zai same su.

9.1 Inda Yawan Lissafin Ya Samo Asali

A da, jarrabawa guda ta ƙarshen shekara ita ce ke yanke wa ɗalibi hukunci. Wanda zazzaɓi ya kayar a makon jarrabawa ya yi asarar shekara, ko da kuwa shi ne zakaran ajinsa. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977, aka kuma yi wa kwaskwarima a 1981, ita ce ta zo da tsarin auna ƙwazon ɗalibi a kai a kai, wanda malamai da ɗalibai suka fi sani da si-e. Da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, sai wannan awo ya zama wajibi, har Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da littafin jagora a kansa a 1985. Abin da ake so shi ne a riƙa tara shaida a kan ɗalibi tun daga farkon zango har ƙarshensa, ta fuskar ilimi da ɗabi'a da ƙwarewar aikin hannu. Makin nan ba a cikin makaranta kawai yake tsayawa ba. A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, kashi 30 cikin 100 na sakamakon ɗalibi daga makin makarantarsa yake fitowa, kuma ta intanet makarantu ke aika shi. A kwalejojin ilimi kuwa, waɗanda Hukumar NCCE da aka kafa a 1989 take kula da su, si-e yana da kashi 40, jarrabawa tana da 60.

Tsari ne mai kyau, sai dai ya zo da kaya mai nauyi. A ɗauki malamin Hausa da ke koyar da aji 5, kowane aji da ɗalibai 60, yana kuma ba kowane ɗalibi maki iri 4 a zango. A shekara mai zango 3, maki 3,600 ke nan zai rubuta. Ba sau ɗaya zai rubuta su ba: daga takardar yaro zuwa littafin maki, daga littafin maki zuwa babbar takardar haɗa sakamako, daga can kuma zuwa katin da yaro zai kai gida. Kowace kwafa ƙofa ce ta kuskure. A nan ne 17 kan koma 71, a nan ne ido kan zame daga layin wani yaro ya faɗa na wanda ke ƙasansa. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya ƙara yawan yara a azuzuwa, ya kuma ƙara wa wannan kaya nauyi.

9.2 Ma'anar Rajistar Maki ta Intanet

Rajistar maki ta intanet jadawali ne na kwamfuta wanda malami ke zuba makin ɗalibansa a ciki, wanda ke yin lissafi da kansa bisa ƙa'idar da aka ɗora masa, wanda kuma ake ajiye shi a rumbun bayanai na nesa, ta yadda duk wanda aka ba izini zai iya buɗe shi da waya ko kwamfuta daga inda yake. Siffarsa siffar littafin maki ce: sunayen ɗalibai a layukan kwance, ayyuka a layukan tsaye, inda layi biyu suka haɗu kuma gurbi ne na maki guda.

Tushen abin shi ne jadawalin lissafi na kwamfuta, wanda ya fara da VisiCalc a 1979, Excel ya biyo baya a 1985. Daga nan aka sami manhajojin da aka ƙera domin koyarwa, kamar Moodle, wadda Martin Dougiamas na ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, da Google Classroom ta 2014. (Ya kamata ɗalibi ya lura cewa kalmar "manhaja" yanzu tana da fuska biyu a Hausa. A fagen ilimi tana nufin tsarin abin da za a koyar, a fagen kwamfuta kuma tana nufin shirin da ke sa na'ura aiki. Ma'ana ta biyu ake nufi a wannan babi.) Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya sa malamai da yawa sun fara sanin waɗannan manhajoji ala tilas.

Malamin da aka tura makarantar ƙauye zai tarar da ɗaya daga cikin hali uku. Ko dai makarantar tana da shafinta na sakamako wanda aka ba kowane malami ƙofar shiga, ko tana aiki da manhajar koyarwa irin waɗanda aka ambata, ko kuma babu komai sai littafin maki. Hali na uku shi ne ya fi yawa, kuma a nan jadawali mai sauƙi irin Google Sheets a wayar malami ya wadatar. Ƙa'idojin da za su biyo baya sun shafi dukkan ukun.

9.3 Suna da Lamba

Matakin farko shi ne shigar da sunaye, kuma a nan ɗalibin harshe ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. Sunayen yanka da Hausawa ke amfani da su ba su da yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a, don haka ba abin mamaki ba ne a sami yara uku a aji ɗaya masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. A cikin aji laƙabi ne ke raba su. Rajista kuwa ba ta san laƙabi ba. Bugu da ƙari, suna guda yana da rubutu barkatai: Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Mamman. A bakin iyaka abin ya ƙaru, domin yaron da aka yi wa takardar haihuwa a Ɗan Isa ko Maraɗi zai zo da rubutu irin na Faransanci, Ousmane a madadin Usman, Aïchatou a madadin A'ishatu, Mahamadou a madadin Muhammadu. Ga kwamfuta, waɗannan mutane ne daban-daban.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa. Idan aka umurci manhaja ta jera sunaye bisa abacada, wata takan haɗa Ɗ da D, wata kuma ta jefa sunan da ya fara da Ɗ can ƙasa bayan Z. Idan malamin lissafi ya rubuta Dahiru, malamin Hausa ya rubuta Ɗahiru, jerin sunayensu biyu ba zai zo daidai ba, kuma ranar da aka kwafi layin maki daga wannan rajista aka manna a waccan, kowane yaro daga wannan wuri zuwa ƙasa zai karɓi makin maƙwabcinsa. Haka nan wani lokaci idan aka ɗauki fayil daga wata manhaja zuwa wata, ɓ da ɗ da ƙ sukan rikiɗe su zama wasu alamomi marasa ma'ana. Maganin duk wannan guda ne: layin farko na rajista ya kasance na lambar shiga makaranta, wadda ba ta canzawa, kuma da ita za a riƙa jerawa da haɗawa. Sunan kuwa a rubuta shi daidai, da lanƙwasarsa, kamar yadda yake a rajistar shiga makaranta. Malamin Hausa da ya zubar da lanƙwasa domin gudun wahala ya rushe da hannunsa abin da yake koyarwa da bakinsa.

9.4 Nauyin Kowane Aiki

Nauyi shi ne rabon da aka ba kowane aiki a cikin maki 100 na ƙarshen zango. Makaranta ce ke yanke shi, kuma wajibi ne a ɗora shi a rajista tun kafin a shigar da maki ko ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Alal misali, a ce an ba gwaji na ɗaya 15, gwaji na biyu 15, jinga 10, jarrabawa 60. A ce kuma malami ya duba gwaje-gwajen a kan 20, jinga a kan 10, jarrabawa a kan 100. Wata ɗaliba ta sami 14 da 16 a gwaji, 8 a jinga, 50 a jarrabawa.

Idan aka bi nauyi, za a raba kowane maki da abin da aka duba shi a kai, a ninka da nauyinsa. Gwaji na ɗaya zai ba da 10.5, na biyu 12, jinga 8, jarrabawa 30. Jimla 60.5 ke nan. A ma'aunin kwalejojin ilimi, inda A ta fara daga 70, B daga 60, C daga 50, D daga 45, E daga 40, wannan ɗaliba ta sami B. Amma idan malami bai ɗora nauyi ba, manhajar za ta iya tara makin yadda ta same su, wato 14 da 16 da 8 da 50, ta sami 88 a kan 150, wanda ya zama 58.7 cikin 100. Ɗalibar ta koma C. Ba wanda ya zalunce ta da gangan, kuma kwamfutar ba ta yi kuskuren lissafi ba. Abin da ya faru shi ne jarrabawa ta ci kashi biyu bisa uku na makin a maimakon kashi 60, saboda kawai an duba ta a kan 100. Moodle da Google Classroom duka suna ba malami zaɓi tsakanin tara maki kai tsaye da bin nauyi, kuma wanda bai zaɓa ba, an zaɓa masa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada rajista kafin a amince da ita. A ƙirƙiri layi biyu na gwaji a ƙasan jerin sunaye. A cika na farko da cikakken maki a kowane gurbi, a ga ko jimla za ta ba da 100. A cika na biyu da makin da aka riga aka lissafa da biro a takarda, a ga ko amsa za ta zo ɗaya. In ba ta zo ɗaya ba, kada a shigar da makin yaro ko ɗaya sai an gano dalili.

Wani tarko kuma shi ne cike lamba. Rajista tana iya nuna 40 a fuska alhali abin da ke cikinta 39.5 ne, sai ta rubuta F a gefe, uba ya zo da kati yana tambayar yadda aka yi 40 ta zama faɗuwa. Ƙa'ida ita ce a cike lamba sau ɗaya tak, a kan jimlar ƙarshe, sa'annan a fitar da harafin daraja daga lambar da aka cike. Haka kuma kada a rubuta maki da sandar rabo. Wanda ya rubuta 8/10 a gurbin Excel, manhajar za ta ɗauka kwanan wata ne, ta kuma ajiye shi a matsayin wata lamba da ta haura dubu arba'in. A rubuta 8 kawai, 10 ɗin ya zauna a kan layin tsaye.

9.5 Gurbin da Babu Komai

Wannan shi ne wurin da ya kamata malamin yankin Jibiya ya fi tsayawa. Rashin zuwa makaranta a nan yana da dalilai da suka wuce lalaci. Akwai ranar kasuwa, akwai aikin gona a damina, akwai kuma iyalan da matsalar tsaro ta tayar daga ƙauyukansu, waɗanda yaransu kan ɓace daga aji na makonni kafin su dawo. Yaron da bai zauna gwaji ba ya bar gurbi a rajista, kuma abin da aka yi da wannan gurbi yana iya zama bambancin wucewa da maimaitawa.

A koma ga ɗalibar da aka yi misali da ita, a ce ba ta sami zama gwaji na biyu ba. Idan aka sa mata sifiri, jimlarta 48.5, wato D. Idan aka bar gurbin, manhajar kuma ta tsallake shi ta auna ɗalibar a kan 85 da ta yi aiki a kai, za ta sami 57.1, wato C. Idan kuwa an haɗa ayyukan si-e a rukuni guda mai nauyin 40, manhajar za ta ɗauki 18.5 da ta samu a kan 25 ta faɗaɗa shi ya zama 29.6 a kan 40, jimla ta zama 59.6, wadda in an cike ta ta koma 60, wato B. Yarinya ɗaya, takardu ɗaya, daraja uku. Ƙa'idar fitar da matsakaici a Excel tana tsallake gurbin da babu komai, amma tana ƙirga sifiri. Moodle kuma tana da wurin da ake zaɓar a tsallake irin wannan gurbi ko a ƙirga shi.

Sifiri hukunci ne. Ma'anarsa ita ce an auna yaro an tarar bai san komai ba, ko kuma ya ƙi yin aikin ba tare da uzuri ba. Gurbin da babu komai kuwa ma'anarsa ba a auna ba tukuna. Haɗa su wuri ɗaya zalunci ne ga mai uzuri, tsallake kowane gurbi kuma kyauta ce ga wanda ya gane cewa gudun gwaji mai wuya yana ƙara masa maki. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba mai uzuri gwajin ramuwa, domin da shi ne kawai ake samun maki na gaskiya. Inda hakan bai yiwu ba, shugaban makaranta da jami'in jarrabawa su yanke ƙa'ida guda a rubuce, kowane malami ya bi ta. Ba daidai ba ne malamin Hausa ya tsallake gurbi, malamin Turanci ya sa sifiri, a kan yaro ɗaya da uzuri ɗaya. Yana da kyau kuma a ware layi na ƙarshe domin taƙaitaccen bayani, kamar "ba ta da lafiya" ko "ya yi ramuwa ranar kaza", saboda bayan wata uku ba malamin da zai tuna.

9.6 Sakamako Daga Tsallaken Iyaka

Jama'ar Jibiya da ta Maraɗi dangin juna ne, aure da kasuwanci suna kai da kawo tsakaninsu ta Magama da Ɗan Isa, don haka ba baƙon abu ba ne yaro ya fara karatu a can ya ƙarasa a nan. Makarantun Nijar suna bin tsarin Faransa, inda ake ba da maki a kan 20 a sakandare, kowane fanni kuma yana da nasa nauyin wajen fitar da matsakaici. A lissafi, mayar da 12 a kan 20 zuwa 60 a kan 100 abu ne mai sauƙi, ninkawa da 5 ne kawai. Sai dai ma'anar lambobin ba ɗaya ba ce. A can 10 a kan 20 shi ne bakin wucewa, wato rabi, alhali a nan an saba da 40. Yaron da ya zo da 9 ya faɗi a makarantarsa ta baya, amma in an ninka ya zama 45, sai rajista ta ce ya wuce. Saboda haka irin wannan maki a ajiye shi a wurin bayani, a yi wa yaron gwajin tantancewa, kada a zuba shi cikin jimlar zango.

Wani ƙaramin abin lura shi ne, a rubutun Faransanci waƙafi ake sawa inda ake sa ɗigo a nan, wato 12,5 a madadin 12.5. Wayar da aka saita da Faransanci waƙafi take jira, wadda aka saita da Ingilishi kuma tana iya ƙin ɗaukar 12,5 a matsayin lamba, ta tsallake shi wajen tarawa ba tare da ta yi gargaɗi ba.

9.7 Abin da Rajista Ke Faɗa wa Malamin Hausa

Mafi yawan malamai suna karanta rajista a kwance ne kawai, wato daga sunan yaro zuwa jimlarsa. Karanta ta a tsaye ya fi amfani ga koyarwa, amma sai idan an raɗa wa layukan sunaye masu ma'ana. "Gwaji na 1" ba ya faɗin komai. Idan kuwa aka raba makin zuwa ƙa'idojin rubutu da nahawu da insha'i da adabi da al'ada, sai layin ya fara magana. A ce malami ya ga kashi biyu bisa uku na ajinsa suna da ƙarfi a adabi da al'ada amma sun zube a ƙa'idojin rubutu. In ya koma ga takardun shifta, mai yiwuwa ya tarar da "tahiya" a wurin "tafiya", da "hili" a wurin "fili", da "hwata" a wurin "fata". Waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne. Karin harshensu na gida suke rubutawa, kuma abin da suke bukata shi ne darasi a kan bambancin karin harshe da Daidaitacciyar Hausa. Jan biro kaɗai ba zai koya musu wannan ba. Jimla ta ɓoye matsalar, layin tsaye ya tona ta.

Haka nan idan aji duka ya faɗi a gwaji guda, kafin a zargi yara sai a duba gwajin da kuma yadda aka koyar da darasin. Ɓangaren ɗabi'a kuwa, irin su tsafta da zuwa kan lokaci da haɗin kai, a ajiye shi daban. Cire wa yaro makin insha'i saboda surutu a aji yana ɓata ma'anar makin insha'in.

9.8 Sabis da Wuta da Takarda

Rajistar intanet tana da fifiko guda da takarda ba ta da shi: ba a wuri ɗaya take ba. Ambaliyar da ta auka wa garin Jibiya a watan Yuli na 2018, wadda ta hallaka fiye da mutum 40 ta kuma rushe gidaje masu yawa, ta isa nuna abin da ruwa kan yi a dare ɗaya. Littafin maki ba ya jure ruwa ko gobara ko gara, ba ya kuma bin malamin da ya bar gari a gaggauce. Abin da aka ajiye a rumbun nesa kuwa yana nan ko da wayar ta ɓace.

Amma ita ma tana da nata rauni. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga, kuma an ɗauki watanni kafin a maido da su. Malamin da makinsa ke intanet kaɗai a wannan lokaci, tamkar wanda ya kulle hatsinsa ne a rumbu ya jefa mabuɗin a rijiya. Ko a ranakun lafiya ma, sabis yakan yi rauni, waya takan tsallaka ta kama layin Nijar, caji kuma sai an nema. Don haka malami ya fara rubuta maki a takarda da biro, sa'annan ya shigar. Ya saita fayil ɗinsa yadda zai buɗe ba tare da sabis ba, abin da Google Sheets ke yarda da shi a waya, ya kuma tabbatar cewa gyaran ya hau idan sabis ya dawo. Bayan kowane gwaji ya sauke kwafi, a ƙarshen zango kuma a buga a takarda, malami da shugaban makaranta su sa hannu. Wannan bugaggen kwafi shi ne hujja ranar jayayya.

9.9 Amana da Sirri

Makin yaro sirrinsa ne da na iyayensa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe bayanan mutane ya tattara abin da yake bukata kawai, ya yi amfani da shi a kan dalilin da ya sa aka tattara shi, ya kuma tsare shi, ta kuma ba bayanan yara kulawa ta musamman. Ɗaukar hoton takardar sakamakon aji duka a tura zauren WhatsApp na iyaye ya saɓa wa wannan, ya kuma kunyata yaron da ke ƙasan jeri a gaban garinsu. Kowane uba a nuna masa layin ɗansa.

A yankin da ake satar mutane domin kuɗin fansa, maganar ta wuce kunya. Jadawalin da ke ɗauke da sunan yaro da sunan ƙauyensu da sana'ar mahaifinsa da lambar wayarsa, in ya faɗa hannun da bai dace ba, jagora ne. Rajistar maki ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Lamba da suna da maki sun isa. Kalmar sirri kuma ba a ba mai shagon kwamfuta, ba a ba ɗalibi mai hazaƙa domin ya taya shigar da maki, ba a kuma barin waya a wurin mai caji ba tare da kulle ba. Wajen raba fayil, a bambanta izinin dubawa da izinin gyarawa. Malamin aji yana bukatar ya ga makin Hausa, amma ba ya bukatar ya taɓa shi.

Rajistar intanet tana riƙe tarihin gyare-gyare, wato wanda ya canza, da abin da ya canza, da lokacin da ya canza. Wannan yana kama malamin da ya mayar da 38 ta zama 58. Yana kuma kare malamin kirki, domin ranar da wani mai faɗa a ji ya zo da roƙon "a taimaka wa yaron nan", malami yana da amsar da ba ta ɓata zumunci: duk abin da ya taɓa, shugaban makaranta zai gani. Gyara na halas, kamar kuskuren tarawa da yaro ya nuna a takardarsa, a yi shi a fili, a rubuta dalili da kwanan wata.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗalibi mai koyarwar gwaji kai tsaye. Zai yi watanni kaɗan a makaranta ya koma kwaleji. Idan ya buɗe rajista da adireshin imel na kansa, ranar da ya tafi makin yaran ya tafi da shi. Kafin ya yi sallama, ya miƙa mallakar fayil ɗin ga malamin fannin ko jami'in jarrabawa, ya ba da bugaggen kwafi, sa'annan ya goge abin da ya rage a wayarsa.

9.10 Jinga

1. Wani ɗalibi ya sami 11 da 9 a gwaji biyu da aka duba a kan 20, bai kawo jinga ba, ya kuma sami 42 a kan 100 a jarrabawa. Yi amfani da nauyin da ke 9.4 ka fitar da jimlarsa ta hanyoyi ukun da aka bayyana a 9.5. Wace hanya za ka bi idan uzurinsa rashin lafiya ne, wace kuma za ka bi idan ba shi da uzuri? Kawo dalilanka.

2. Tsara rajistar zango guda ta darasin Hausa domin aji ɗaya na ƙaramar sakandare mai ɗalibai 10, ka raɗa wa kowane layin tsaye sunan ƙwarewar da yake aunawa, ka kuma gwada ta da layuka biyu na gwaji kafin ka miƙa.